Wutar Da Yaya Siyadoris Ya Gina

Yayana Siyadoris magini ne. Abin da ya fi ginawa a ƙauyenmu na Unagoda shi ne masai da bakin rijiya, kuma har yau babu masai ko ɗaya nasa da ya rufta da mutum. Amma ba wannan ake tunawa ba. In ka ambaci sunansa a kasuwar Matara sai a ce maka, "Au, mai wuta?"

Yana ɗan shekara goma mahaifinmu ya kai shi haikali don ya zama malami. Aka aske masa kai, aka naɗa masa mayafi ruwan goro. Wata bakwai ya yi ya gudo gida, saboda malaman haikali ba sa cin abinci in rana ta take tsaka, shi kuwa cikinsa ya ƙi karɓar wannan karatu. A wata bakwai ɗin nan an koya masa abin da Buddha ya faɗa kan tausayi da haƙuri da kame baki, duk suka shiga ta wannan kunne suka fita ta wancan. Babin wuta kaɗai ya zauna daram. Ya haddace manyan gidajen wuta takwas, da ƙananan da ke kewaye da kowanne, da wanda za a saka a ciki, da shekarun da zai yi.

Tun daga nan duk wanda ya gaishe shi da safe yana iya samun adireshinsa na lahira kyauta. Jamis mai kifi ya fi kowa shan wannan alheri.

"Jamis, an tashi lafiya? Rai nawa aka kashe yau?"

"Kai dai saya ko ka wuce."

"Zan saya mana. Ni ci kawai nake yi, kai ne mai kisa. Can za a yanka ka gunduwa-gunduwa, iska mai sanyi ta busa ka dawo daidai, a sake yankawa. Amma kada ka damu, ai ba dawwama ake yi ba. Da zarar zunubin ya ƙone, bayan shekara miliyan kaɗan, za a sake haifo ka. Wataƙila kifi. Ba ni na tsakiyan nan."

Irin ta'aziyyar Yaya ke nan.

Yana da shekara talatin da biyu ya tafi aikin gini can kan duwatsu, wajen gonakin shayi, ya dawo mana da mata. Sunanta Tangamma, 'yar ƙabilar Tamil, ba tamu ba, mai bin addinin Hindu, mai tsinkar ganyen shayi, da jan ɗigo a goshi. Mahaifiyarmu ta kwanta kwana uku ba ci ba sha, sai 'yar ayaba a ɓoye. Ni kuwa Magilin, ƙanwarsa, na yi abin da na iya. Kafin mako ya zagayo duk matan bakin rijiya sun san asiri ta yi masa. Da aka shekara biyar babu haihuwa, sun san dalilin wannan ma. Ni ban ƙirƙiri komai ba, gyara labari kawai nake yi ya ji daɗin saurare.

Gidana na jikin nasu, don haka ina jin komai. Wasu ma'aurata kan abinci suke faɗa, wasu kan dangi. Waɗannan biyu kan wuta suke nasu.

"Takwas?" in ji Tangamma tana kankare kwakwa. "Maigida, takwas kacal? Namu ashirin da takwas ne."

"Kowanne da ƙanana goma sha shida a gefensa. Ɗari da talatin da shida ke nan. Ke da kika ce kin iya lissafi."

"Ƙanana! Rumfuna dai. Naku akwai inda ake soya mutum cikin mai?"

"Mu narkakken ƙarfe muke amfani da shi."

"Wa ya taɓa suya da ƙarfe? Shi ya sa abincinku ma ba ya daɗi."

Abu ɗaya suka yarda a kai, cewa Sarki Yama ne alƙalin matattu, nasu da namu. Shi ma Tangamma ta ce aronsa muka yi ba mu mayar ba.

Babban Malamin haikalinmu a lokacin tsoho ne siriri mai sanyin murya. Duk ranar cikar wata yana yin wa'azi, mu kuma muna zuwa da fararen kaya da furanni mu yi barcin da ba mu samu a gida ba. Wata rana ya aika a kira Yaya.

"Siyadoris, shekara talatin ina nuna wa mutanen nan hanyar tsira suna gyangyaɗi. Tunda ba sa son hanyar, gina musu inda za su, su gani da idonsu."

"Ranka ya daɗe," in ji Yaya, hawaye na zubo masa, "tun ina yaro nake jiran wannan rana."

Shekara uku ya yi yana aikin a gangaren bayan haikali. Ya kewaye wurin da ganyen kwakwa, ba ya barin kowa ya leƙa. Siminti, rodi, fenti ja, ya rufa sama da kwano. A tsakiya ya gina tukunyar narkakken ƙarfe mai girman ɗaki, wadda aka ce mai zunubi yakan yi shekara dubu talatin yana nitsewa, dubu talatin yana tasowa, ya leƙo ya faɗi harafi ɗaya ya sake komawa. Cikinta ya bar shi holoƙo da 'yar ƙofa ta baya, nan yake ajiye buhunan siminti kada ruwa ya taɓa su.

Ranar buɗewa duk ƙauye ya zo. Aka cire ganyen, muka shiga a layi, hannuwa a haɗe, fuskoki cike da tsoron lahira. Sai wata tsohuwa ta nuna da yatsa ta ce, "Kai, wannan ba Jamis ba ne?"

Jamis ne. Har da karyayyen hancinsa, a kwance kan katako, dodo biyu na sassara shi. Gaba kaɗan ga Karolis mai giyar kwakwa, an buɗe masa baki ana ɗura masa ruwan ƙarfe. Ga itacen ƙaya na mazinata, kowace ƙaya tsawon kamu biyu, wani mai sanƙo da gashin baki irin na shugaban gidan waya yana hawa tsirara, wata mata na jiransa a sama. Telan ƙauyenmu ya daɗe yana kallon matar nan, sannan ya juya ya kalli tasa.

Ni dariya nake yi har ina riƙe ciki, sai na sha kwana. Wata mata ce a durƙushe. An jawo harshenta an shimfiɗa a ƙasa kamar tabarma, an kafe da turaku, dodo na huɗa a kai da shanu biyu. Tana da baƙin tabo a haɓa da wushirya. A Unagoda mace ɗaya ce mai baƙin tabo a haɓa da wushirya.

Da yamma na same shi yana cin shinkafa da miyar kifi kamar bai yi komai ba.

"Yaya, wace ce waccan mai harshe?"

"Wata mai zunubi."

"Da tabona?"

"Hannu ne ya tafi. Siminti ba ya jiran mutum ya yi tunani."

"Ni da muka fito ciki ɗaya?"

Tangamma ta ƙara masa miya, ba ta ɗago kai ba. "Ni ma na ce masa harshen ya yi tsawo, Magilin. Ya ce wai ragewa ya yi, siminti ne bai isa ba."

Shekara biyu ban taka gidansu ba. Ta katanga kawai nake saurare.

In kana zaton wani ya tuba, ba ka san mutanenmu ba. Jamis ya yi mako guda yana rantsuwar zai fasa kan Yaya. Sai motoci suka fara kawo baƙi daga wasu garuruwa don ganin wuta, suka riƙa gane shi a kasuwa. Kafin wata uku ya sayi sabuwar riga, duk ranar cikar wata yana tsaye kusa da gunkinsa ana ɗaukarsu hoto tare. Karolis ya ce tun da yake bai taɓa ciniki irin na shekarar ba. Waɗanda ba a saka ba su ne suka yi fushi. Wani mai injin casar shinkafa ya tare Yaya a hanya ya ce, "Me na yi maka da ka bar ni a waje? Jamis ya fi ni zunubi ne, ko raina ni ka yi?" Haikali ya cika maƙil, gaskiya ne, sai dai mutane na wuce ɗakin Buddha da sauri su gangara wuta, can ake cin gyaɗa ana neman fuskar maƙwabci.

A watan Yuli na 1983 ƙasa ta rikice. Aka fara ƙona shagunan 'yan Tamil da gidajensu a Kolombo, babban birni, kwana biyu abin ya iso wajenmu. Da safe aka ƙona shagon yadi na mararraba, mai shi ya riga ya gudu. Ya rage mutum ɗaya 'yar Tamil a duk ƙauyen.

A bakin rijiya na ji. Ni ce mai jin komai, kuma ranar ce kaɗai wannan baiwa ta amfani wani. Matar Karolis ce ta ce mazan suna can suna sha, in sun gama gidan mai wuta za su. Na bar tuluna a nan. Na sami Tangamma tana tsince shinkafa, na goge mata ɗigon goshi da bakin zanena, na naɗa mata fararen kayana na haikali, na danƙa mata furanni. Muka bi ta bayan gonakin shinkafa har wutar bayan haikali. Yaya na wurin yana gyaran fenti. Ban gama magana ba ya fara fito da buhunan siminti daga cikin tukunya.

Tangamma ta tsaya tana kallon 'yar ƙofar. Bakin dai bai mutu ba.

"Shekara ashirin yana gaya mini nan zan ƙare," in ji ta. Ta sunkuya ta shiga.

Suka zo da rana tsaka, su wajen goma sha biyar, da adduna da galan na kananzir. Sun riga sun farfasa gidan. Babu baƙo ko ɗaya a cikinsu. Jamis ne a gaba, Jamis da ya sha cin wainar Tangamma a tsaye a ƙofar gidanta. Yaya na zaune a bakin wutarsa yana kwaɓa simintin da ba shi da abin da zai yi da shi. Ni na durƙusa gefe da furanni, ina motsa baki kamar mai addu'a.

"Siyadoris, ina matarka?"

Yaya bai taɓa iya ƙarya ba, ya san gidan wutar maƙaryata sosai. Ya ɗago kai.

"Tana wuta."

Wasu suka yi dariya. Jamis bai yi ba. "Wasa kake da mu?"

"Ka tambaye ni na gaya maka. Tana wuta."

"To za mu duba."

Suka doshi ƙofa. Sai ga Babban Malami yana gangarowa da lemarsa, a hankali, don ya haura tamanin.

"Ku cire takalma," in ji shi. "Nan ma haikali ne."

Mutanen da suka zo ƙona mace da ranta suka sunkuya suka cire takalma, suka jera su tsaf a bakin ƙofa. Tarbiyya ke nan.

"Addunan ma. Tunda kun taru haka da yawa, ba ranar cikar wata ba, lallai wa'azi kuke nema. Ku zauna."

Ya wuce ciki ya zauna kan dakalin tukunyar, bayansa jingine da ita. Babu mai iya tsayawa a kan malami yana zaune, babu mai iya tashi yana magana. Suka zauna kan siminti, ƙarƙashin kwano, rana na dukan sa. Ya ɗauko wa'azinsa na kullum, na kame zuciya, da muryar nan tasa mai kama da ruwa na ɗiga cikin bokiti. Bai ɗaga murya ba, bai ambaci Tamil ba, bai zagi kowa ba. Awa biyu da rabi ya yi. Jamis ya samu wuri daidai gaban gunkinsa, gumi na zuba, dodon siminti riƙe da adda a kansa. Giya ta fara sakin mutane. Na baya suka fara sulalewa ɗaya bayan ɗaya, wasu ko takalma ba su tsaya ɗauka ba. Biyu suka yi barci. Da Malam ya kai ƙarshe, mutum huɗu suka rage, suka ce "Madalla, madalla," suka yi sujada suka tafi.

Kada wani ya ce zukatansu ne suka yi laushi. Zafi ne da ciwon kai. A wasu wuraren ba a sami tsoho mai dogon wa'azi ba. Ƙanen Tangamma, wanda ke aiki a wani shagon shayi a kan duwatsu, ba a ga ko gawarsa ba.

Kwana biyar ta yi cikin tukunyar. Ni ke kai mata shinkafa a ƙarƙashin furanni cikin kwando. Rana ta uku na leƙa na ce, "Matar Yaya, ya wutar?"

"Taku akwai sauro. Tamu babu." Ta karɓi kwanon, ta riƙe hannuna ba ta saki ba. Tafinta kamar garwashi. "Magilin."

"Ci abincinki. Kuma kada ki gaya wa kowa ni na kawo ki, za ki ɓata mini suna."

Bayan wata guda Jamis ya zo ƙofar gida da babban kifi, yana murmushi, wai ya ga an kwana biyu ba a saya ba. Tangamma ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya, ta tambayi lafiyar iyali. Yana tsaye ta kira karen gidan ta ajiye masa.

Kowa ya zuba ido ya ga sababbin gumaka. Mun san fuskoki goma sha biyar ɗin, Yaya ya fi mu saninsu. Bai ƙara ko ɗaya ba. Ya daina ba mutane adireshin lahira, in an gaishe shi sai ya amsa kawai, abin har ya dami wasu. Na tambaye shi dalili.

"Na bi gidajen nan ɗari da talatin da shida ɗaya bayan ɗaya," in ji shi, "ban ga wanda ya dace da su ba. Na tambaye ta ita ma, nata ashirin da takwas ɗin babu. Kuma in na gina, hoto za su zo ɗauka."

Ya koma ginin masai.

Shekara goma sha uku bayan haka ciwon suga ya kwantar da Tangamma. Asibiti suka sallamo ta, mun san abin da hakan ke nufi. Wata rana da la'asar ina shafa mata man kwakwa a ƙafa, ta kira shi.

"Maigida, saniya nake so."

"Madara? Bari in karɓo."

"Saniya sukutum. Kafin a isa wurin Yama akwai kogi, jini ne da ruwan miki. Wanda aka ba da sadakar saniya dominsa, wutsiyarta yake kamawa ta haye da shi."

"Mu ma muna da kogin nan. Babu maganar saniya a ciki."

"Shi ya sa naku ke nitsewa."

Na jira ya kawo hujja, don bai taɓa barin ta ta yi maganar ƙarshe ba. Sai ya tashi ya ɗauki kekensa ya fita. Washegari da hantsi ya dawo a ƙasa, babu keke, yana jan wata 'yar karsana ja mai ƙaho ɗaya a karkace. Ɗakin ya yi mata ƙanƙanta, don haka ya juya ta da baya a bakin taga, ni na tura, shi ya ja, muka zuro wutsiyar ciki. Ya ɗora hannun Tangamma a kai ya rufe da nasa.

"Riƙe da kyau," in ji shi. "Kada ki tsaya gardama da kowa a hanya."

"Ramammiya ce," in ji ta. "Da gani an cuce ka."

Kwana biyu bayan nan ta rasu. Yaya bai yi kuka a gaban mutane ba. Ya ja karsanar da ƙafa har Matara don ya miƙa wa limamin haikalin Hindu, kamar yadda ta ce a yi. Limamin a ɗaki ɗaya yake zaune, a saman bene, da mata da 'ya'ya huɗu. Ya zuba wa saniyar ruwa, ya shafa mata jan gari a goshi, ya ce ya karɓa, sadaka ta yi, amma don girman alloli a tafi da ita a riƙe masa. Haka Yaya ya sake jawo ta gida.

Shekara uku ya yi da ita. Shi ke yanko mata ciyawa, shi ke wanke ta a rafi, yana yi mata magana tana tuƙa. Ta cinye masa ayabar bayan gida, ta cinye rigarsa ta zuwa haikali, ta taɓa tunkuyin shugaban gidan waya har cikin kwata. Duk wanda ya kawo ƙara sai Yaya ya ce ba tasa ba ce, ta limami ce, a je Matara. Da daminar shekara ta uku sanyi ya kama masa ƙirji, mako guda ya yi a kwance. Abin da ya ce mini na ƙarshe shi ne kada in ba ta ɓawon rogo, yana kumbura mata ciki.

Limamin bai taɓa zuwa karɓar kayansa ba, don haka tana nan a bayan gidana. Ta tsufa, ba ta taɓa ba da madarar kirki ba, halinta kuma sai abin da ya ƙaru. Ni mabiyar Buddha ce, ban yarda da maganar saniya ba ko kaɗan. Amma shekaruna saba'in da huɗu, ƙafafuna sun fara kumbura, kuma ban iya iyo ba. Wani lokaci in na kai mata ciyawa, na duba babu mai kallo, nakan ɗan kama wutsiyar in ji yadda riƙon yake. Harbi take yi.